Hukuncin Wanda Aka Yi Wa Aikin Mafitsara, Da Maganin Fargaba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga tambayar wani dattijo da aka yi wa aiki saboda ciwon daji na mafitsara. Ya ce abu biyu ne suka hana shi barci: tsarkinsa na salla, da kuma fargabar ranar komawa asibiti.

To, mu fara sanin ciwon kansa. Likitoci sun tabbatar shan taba yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo shi, haka kuma tsargiya idan ta daɗe a jiki ba magani, watau cutar nan da ake ɗauka a kududdufai da fadamu. Wani akan kankare masa ƙarin kawai a bar mafitsarar. Wani kuwa sai an cire ta ɗungum, a buɗe ƙofa a cikinsa, fitsari ya riƙa zuba cikin wata 'yar jaka. Ciwon yakan so dawowa, don haka ake leƙa mafitsarar wanda aka kankare da wata na'ura mai fitila, galibi bayan wata 3 da aikin, sa'an nan a riƙa tsawaita lokacin gwargwadon hali.

Amma batun tsarki, malamanmu na Malikiyya sun gama magana a kan mai yoyon fitsari, abin da ake kira salas da Larabci. Idan fitsarin yana zuba rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Sai dai an so ya sake alwala domin kowace salla, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala. Abin da ya taɓa tufa ko jiki kuma an yi rangwame a kansa, muddin yana zuwa kullum. Mai jaka sai ya zubar da abin da ke ciki idan lokaci ya yi, ya yi alwala, ya yi sallarsa. Wurin ɗinki kuwa, idan ruwa zai cuce shi a wanka, sai a shafa a kan bandeji. In tsayuwa ta gagara, Buhari ya ruwaito Imrana ɗan Husaini yana fama da basur, Annabi ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefensa.

Sai batun fargaba. Ku lura, a fiƙihu akwai wanda ake kira mustankihi, shi ne wanda kokwanto ya aure shi, kullum yana shakka a alwala ko a salla. Hukuncinsa shi ne ya yi watsi da shakkar, domin bin ta ƙara mata ƙarfi yake yi. Wannan magani shi ne na mai jiran ranar asibiti. Ya yi abin da ya wajaba a kansa: ya rubuta ranar, ya tanadi kuɗin mota, ya sha magani yadda aka ce, ya bar taba. Abin da ya rage bayan wannan, na "in ya dawo fa?" a tsakar dare, wasiwasi ne, kuma babu amsar da za ta ƙosar da shi. Sai ya tashi ya yi zikiri, ya kuma faɗa wa iyalinsa ko amininsa abin da ke ransa.

Sai dai a yi hattara. Ganin jini a fitsari, ko zazzaɓi, ko tsayawar fitsari, waɗannan alamu ne na zahiri, a tafi wurin likita ba tare da jiran rana ba. Kada kuma tsoron abin da za a gani ya sa mutum ƙin zuwa, ya ce wai tawakkali ne. Tirmizi ya ruwaito Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. A shekara ta 18 bayan hijira kuma Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna musu cewa gudun cuta ma yana cikin ƙaddara.

Ku kuma masu zuwa gaisuwa, ku taƙaita zama, ku bar ba shi labarin waɗanda ciwon ya kashe, kada ku ƙyamace shi a sahu saboda jakarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi kamar yadda Ya yaye wa Annabi Ayuba, Ya sa cutar ta zama kaffara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.