Wane Fikof Ya Dace da Jitar Kiɗan Metal?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Yana da jitar lantarki, kuma kiɗa mai nauyi yake yi, irin wanda ake kira metal. Fikof ɗin da jitar ta zo da shi bai gamsar da shi ba, domin da zarar ya ƙure amfilifaya sai sautin ya cakuɗe, ba ya bambance wannan tsirkiya da waccan. Yana son ya canza, amma ba ya son mai batir. An ce masa ya nemi wanda ya fi kowane ƙarfi. Shin haka ne?

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Wanda ya ba ka shawarar yana da hujjarsa, sai dai hujjar ta kwana biyu. Bari mu bi abin daga tushe.

Fikof shi ne ɗan akwatin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe sau dubbai, wato kwayil. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta karɓa ta kambama. Marar batir iya aikinsa ke nan. Mai batir, irin su EMG 81, yana da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi a ciki wadda ke cin batir mai bolt 9. Masu son marar batir suna cewa ya fi bin hannu: ka taɓa a hankali ya yi laushi, ka doka ya yi ruri.

A kiɗa mai nauyi kusan kowa hambaka yake sawa, wato fikof mai kwayil biyu da aka haɗa ta yadda gunjin wutar gida da ɗaya ya kwaso ɗayan zai kashe shi. Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson nasa, ya hau jitar Les Paul a 1957. Mai kwayil ɗaya yana da daɗin sauti, amma idan aka ƙure amfilifaya gunjinsa yakan ishi mutum, balle a gidan da wayoyinsa ba su da at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, ko kuma ana kan janareta.

To, daga ina maganar ƙarfi ta samo asali? A farkon shekarun 1970 amfilifayoyi ba sa yin gurnanin da kiɗa mai nauyi ke buƙata da sauƙi, sai an tura musu sigina mai ƙarfi tun daga jita. Shi ya sa da Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972 makaɗa suka yi masa caa. Yau kuwa amfilifayar metal, ko fedal, ko manhajar kwamfuta, kowace tana da gurnanin da ya fi ƙarfin buƙatarka. Ɗora mata fikof mafi ƙarfi kamar ƙara gishiri ne a miyar da ta riga ta ji. Yawan naɗin waya yana ƙara ƙarfi, amma yana rage kaifin sama, ya kumbura tsakiya da ƙasa, kuma wannan kumburin shi ne cakuɗewar da kake kuka da ita. Ka tuna makaɗin jita Slash, da duk rurin jitarsa, an san shi da fikof ɗin Alnico II Pro na kamfanin Seymour Duncan, wanda ƙarfinsa matsakaici ne.

Akwai wata lamba da 'yan kasuwa ke yawan nunawa, misali 8k ko 16k. Mutane da yawa suna ɗauka ma'aunin ƙarfi ce, kuma ba laifinsu ba ne, haka ake tallata ta. Lambar tana auna yadda wayar ke tare wuta ne kawai, abin da ya danganta da tsawonta da sirantarta. Waya mafi siranta za ta ba da babbar lamba ko da naɗin bai fi yawa ba. Tsofaffin hambaka na Gibson suna wajen 7k zuwa 8k, JB na Seymour Duncan yana wajen 16k, amma wannan ba ya nufin ya ninka su ƙara. Ka ɗauki lambar a matsayin ishara, kada ka yanke hukunci da ita.

Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne maganaɗisu da yadda fikof ke riƙe sautin ƙasa. Maganaɗisu iri biyu ne suka fi yawa. Alniko haɗin alminiyam ne da nikel da kobalt da ƙarfe, sautinsa yakan yi ɗumi da ɗan taushi. Siramik yakan fi kaifi da tsauri, sautin ƙasa ya tsaya cak. Idan kana danne tsirkiyoyi da gefen tafi kana sara da sauri, ko ka sassauta su don sautin ya yi ƙasa sosai, tsayawar nan kake nema: kowace sara ta fito ta ɗauke kafin ta gaba ta shigo. A wannan layi akwai Distortion da Nazgûl da Black Winter na Seymour Duncan, da D Activator na DiMarzio, da Aftermath da Painkiller na Bare Knuckle, kamfanin da ke Ingila. Lundgren na Suwidin kuma sun yi suna ta hanyar ƙungiyar Meshuggah masu jita mai tsirkiya 8. Idan kuwa metal ɗin shekarun 1980 kake so, ba ka sassauta tsirkiya sosai, JB mai alniko 5 ko Super Distortion sun wadatar. Ni dai JB ba na ba wa mai sassauta tsirkiya ƙwarai shawararsa, domin a can ƙasa yakan saki jiki.

Fikof na wajen jaki, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikin jita, shi ke ɗaukar kusan duk nauyin wannan kiɗa. Idan kuɗin na guda ɗaya ne, shi za ka canza. Na wajen wuya ba ya son ƙarfi da yawa, don tsirkiya ta fi lilo a wurin. '59 ko Jazz na Seymour Duncan sun isa.

Kafin ka biya, ɗauki ma'auni. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiyar farko da ta ƙarshe a daidai kan fikof ɗin jaki. Idan ta kai wajen milimita 53, kamar a jitoci masu jakin Floyd Rose ko irin na Fender, mai faɗi za ka nema. DiMarzio suna rubuta masa F-spaced, Seymour Duncan kuma Trembucker. Idan wajen 49 ko 50 ce, na yau da kullum ne. Duba ramin da fikof ke zama a ciki kuma. In ramin siriri ne na mai kwayil ɗaya, ba sai ka kai jitar wurin kafinta ba, akwai hambaka mai wannan girman, kamar Hot Rails da Dave Murray na Iron Maiden ke amfani da shi. Sannan ka tabbata an tsoma kwayil ɗin a kaki, don wanda ba a tsoma ba yakan yi tsuwa mai huda kunne idan aka ƙure sauti.

Wajen haɗawa, mai gyaran rediyo da ya iya like waya da dalma zai yi maka, amma ka kai masa zanen haɗin kamfanin da ya yi fikof ɗin. Launin wayoyi ba ɗaya ba ne. A Seymour Duncan baƙar waya ce ke ɗaukar sigina, a haɗe ja da fara a naɗe su. A DiMarzio ja ce ke ɗauka, a haɗe baƙa da fara. Wanda ya bi launin wani kamfani a kan na wani zai ji sauti siriri ya zaci an cuce shi. Makunnin ƙara sauti ya zama mai 500k, shi ne abokin hambaka. Idan da mai batir ne a jitar, makunnansa galibi 25k ne, dole a sauya su, a kuma tabbata akwai wayar at da ta taɓa jaki.

Akwai jabu a kasuwa, musamman na sunayen nan da na lissafa. Sabon fikof na babban kamfani da aka yi masa farashin banza, ka yi hattara da shi.

Amma kafin duk wannan, gwada abin da ba ya cin kuɗi sosai. Sa sababbin tsirkiyoyi, masu ɗan kauri idan kana sassautawa. Danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuyan jita, ka juya sukurorin gefen fikof har tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya ta zama wajen milimita 2 zuwa 2.5, sannan ka riƙa ɗagawa ko saukewa kaɗan-kaɗan kana saurare. Rage gurnanin amfilifaya da sautin ƙasanta. Makaɗan metal da yawa suna sa fedal irin Tube Screamer na Ibanez a gaban amfilifaya, su kashe gurnaninsa su ƙure ƙararsa, don yana yanke kumburin ƙasa. Sau da yawa a nan matsalar take warwarewa.

Idan ka yi haka sautin bai washe ba, to fikof ɗin ne. Tunda cakuɗewa ce damuwarka, sayi hambaka mai siramik wanda aka san shi da tsayayyen sautin ƙasa, ka sa a wajen jaki, ka bar na wuya yadda yake tukuna. In ka haɗa, rubuto mana irin jitar da amfilifayar da kake amfani da su, da yadda sautin ya koma.