Yadda Za Ku Sa Yaro Ya So Karatu da Rubutu Daga Tsakar Gida

Yaron da ya wuni a boko, ya zarce Islamiyya da yamma, ba ya buƙatar wani aji kuma a gida. Wasa za a yi, na minti 15 ko 20, kuma da Hausa, domin yaro ya fi saurin gane rubutu a harshen da yake magana da shi.

Mataki na 1: Ku fara da tatsuniya. Bayan isha a shimfiɗa tabarma. Idan Gizo ya shiga tsaka mai wuya, ku dakata ku ce, "To, da kai ne, yaya za ka yi?" Gobe shi zai ba ƙannensa labarin. Wanda ya iya jera labari da baki, jera shi a takarda ba zai gagare shi ba.

Mataki na 2: Wasan gaɓa. Nan ne aikin yake. Rubutun Hausa yana da sauƙi: wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma galibi yadda aka faɗi kalma haka ake rubuta ta. Ku yayyanka tsohon kwali, kowane yanki a rubuta masa gaɓa ɗaya: ka, za, ki, fi, ta, sa, ko. A zube su a faifai. Yaro ya haɗa ka da za, sai ga kaza. Ki da fi, ga kifi. Wanda ya fara haɗa kalmar katako ya ci dabino. Kada ku tsallake ɓ, ɗ da ƙ kamar yadda manya ke yi a saƙon waya. Tun yanzu ya san baki daban, baƙi daban.

Mataki na 3: Kafin biro, a ba shi tsinke ya yi zane a ƙasa, ko gawayi a daɓe. Kuskuren da ake sharewa da tafin hannu ba ya sa kuka.

Mataki na 4: Ku ba rubutunsa amfani. Shi zai rubuta cefane, shi zai karanto a kasuwa: tattasai, albasa, daddawa. A hanya ku yi gasar karanta allunan shaguna da abin da ke bayan a-daidaita-sahu. Wata rana ya rubuta wa Kaka wasiƙa, amma fa a kai mata da gaske, ta aiko da amsa ko da wani ne ya rubuta mata.

Mataki na 5: Littafi. Masu farawa a nemo musu Ka Koyi Karatu. Waɗanda suka ɗan yi nisa, a karanta musu Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Akwai wani aku a cikinsa, da labari yake riƙe ɗan sarki kada ya fita. Ku ari dabararsa. Ku tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ku ajiye littafin inda hannun yaro zai kai.

Mataki na 6: Gyara, ban da bulala da dariya. Idan shafi ya cika da kurakurai, ku zaɓi ɗaya ku gyara yau, sauran su jira. Sannan a rubuta kwanan wata a saman takardar, a adana ta a jaka, bayan wata guda a ɗauko a kwatanta da sabuwa a gabansa.