Rayar da ƙasa bayan haƙar zinariya

A watan Nuwamba na 2021 ramukan zinariya suka rufta da mahaƙa a Garin Liman, cikin karkarar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi. Aƙalla mutum 18 suka rasu. Mahaƙi yakan tashi idan zinariya ta ƙare, amma rami yana nan: dabba ta faɗa, ruwa ya kwanta, sauro ya yi gida. Mu manoma da makiyaya ake bar wa wannan fili. Ƙaƙa za mu rayar da shi?

Aikin farko shi ne cike ramu, kuma cikon yana da tsari. Duwatsu da jar ƙasar da aka tono daga ƙarƙashi su za su fara komawa. Baƙar ƙasar sama ita ce ta ƙarshe, domin a cikinta irin ciyawa da saiwoyi suke kwance. Wanda ya binne ta a gindin rami ya binne abincin gonarsa. Mu bar wurin ya sha damina guda ya zauna, sa'annan mu ƙara ciko inda ya lotsa.

Inda ƙasa ta zama faƙo, dabarar mutanen Tawa ta ishe mu: tassa da rabin wata. A gina su tun da rani, bakin rabin wata yana duban inda ruwa ke gangarowa. A zuba taki. Gara za ta biyo takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga.

Itatuwan da za mu sa, namu na gado ne: gawo, bagaruwa, aduwa, magarya, kalgo da sabara, da gamba a tsakaninsu. Bedi yana da inuwa, amma bai kai gawo ba, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana. Kututturen da ya toho a bar shi, ya fi dashe saurin girma. A tsare wurin daga awaki shekara biyu ko uku.

Sai mu yi hattara da wurin da aka daka dutse ko aka wanke shi da zaiba. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga irin wannan daka ta kashe yara fiye da 400. A can sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. Irin wannan wuri kada a shuka abinci, kada yara su yi wasa, kada a shayar da dabba, sai ma'aikatan lafiya sun auna ƙasar da ruwan.