Darasin lafiya: allurar da ke rage zafin fiɗa

Mutane da yawa a ƙasar Madawa, Buza da Keita suna fama da ƙaba ko gwaiwa shekara da shekaru, amma sun ƙi zuwa likita. In an tambaye su, sai su ce tsoron zafin fiɗa suke yi. Wannan jinkiri yana da hatsari, don hanji yakan shiga cikin ƙaba ya shaƙe, mutum ya rasa ransa. To, mu karanta mu ji yadda ake rage wannan zafi.

Yaya mutum yake jin zafi?

Akwai ƙananan jijiyoyi cikin fata da nama. Su ne masu kai labarin ciwo ga ƙwaƙwalwa, kamar ɗan aike. In aka tare ɗan aike a hanya, labari ba ya isa. Aikin wannan allura ke nan.

Yaya ake yin ta?

Lokotoro yakan yi ta kafin ya yanka, ko kuma lokacin da zai ɗinke. Yana sa maganin a gefen miki, dama da hagu. Wurin kaɗai yake mutuwa na ɗan lokaci, hankalin mutum bai gushe ba.

Magunguna biyu ne aka fi aiki da su. Lidokayin, wanda aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943, yana kamawa cikin ƴan mintoci, yana kai awa 1 zuwa 2. Bufibakayin yakan kai awa 4 zuwa 8. Lokotoro yana auna magani bisa ga nauyin mutum, don in ya yi yawa yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Saboda haka ba aikin mai allurar kasuwa ba ne.

Mene ne amfaninta?

Wanda zafi bai dame shi ba yana numfashi sosai, yana iya tari, yana tashi ya taka da wuri. Wannan yana kare shi daga ciwon huhu. Matar da aka yi wa fiɗa aka fid da ɗa tana iya rungumar jaririnta ta ba shi nono.

Abin kiyayewa

1. Rashin jin zafi ba warkewa ba ne. Miki yana nan ɗanye. Kada a ɗauki hauya, kada a ja guga, kada a yi daka sai lokotoro ya yarda.
2. Ƙarfin allura zai wuce. A sha ƙwayoyin da aka rubuta bisa lokacinsu, tun zafi bai taso ba. Kada a ƙara da na kasuwa.
3. In ka ji bakinka ya mutu, ko ɗanɗanon ƙarfe a harshe, ko ƙara a kunne, ko jiri, gaya wa majo nan take.
4. In an taɓa yi maka allurar cire haƙori ta ba ka wahala, faɗa tun kafin aiki.

Mai ƙaba ya je likitar garinsu a duba shi. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su ba shi takarda zuwa babbar likita, kamar ta Madawa, Galmi ko Tawa.

Tambayoyi

1. Ina ake sa maganin?
2. Awa nawa bufibakayin yake aiki?
3. Don me ba a komawa gona da an daina jin zafi?

A karanta wa waɗanda ba su zo aji ba.