Yatsuna ba sa saki sai hantsi

Likita, shekarata 38, ina aure a Funtuwa. Wata bakwai ke nan yatsun hannuwana biyu suna kumbura. Da asuba ko buta ba na iya riƙewa, sai hantsi suke saki. Tuƙin tuwo ya gagare ni, balle ɓarar masara. An ce sanyi ne. Mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi, in na sha ciwon ya lafa, amma fuskata ta fara cika. Yanzu maƙwabciyata ta ce in sayi maganin ƙarin garkuwar jiki. In saya?

Wata baiwar Allah, Funtuwa

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki saya. Alamominki sun yi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya fi kama mata. A wannan ciwon garkuwar ba ta gaza ba, wuce gona da iri ta yi, ta afka wa gaɓɓanki kamar abokan gaba.

A cikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai masu yaƙi, akwai kuma masu tsawatarwa, waɗanda ke cewa "wannan ɗan gida ne, a bar shi." Shimon Sakaguchi, ɗan Japan, ya gano masu tsawatarwar a 1995, kuma a kan wannan aikin ya samu kyautar Nobel a 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. A gaɓar mai amosani masu tsawatarwar suna nan, sai dai kumburin ya raunana su, ba a jin maganarsu. Masana na neman hanyar ƙarfafa su, amma wannan bai zama maganin da za ki saya ba tukuna.

Cikar fuskar nan ta dame ni ƙwarai. Ina zargin akwai sitiroyid a haɗin da kike sha. Kada ki yanke shi rana ɗaya, akwai haɗari. Ɗauki ƙwayoyin ki nuna wa likita a Babban Asibitin Funtuwa cikin makon nan. Ki nemi a tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a yi miki gwajin jini, har da anti-CCP.

In an tabbatar, akan fara da methotrexate, sau ɗaya a mako, ba kullum ba. Mai ciki ba ta shan sa, don haka in kina neman haihuwa ki faɗa wa likitan tun farko. Ki hanzarta, domin gaɓar da ta riga ta karkace magani ba ya miƙe ta.