Tsohon Akwatin Giya da Sabon Inji: Darasi a Kan Lissafin Haƙora

A yankin Babura da Kazaure, inda hanyoyin ƙauyuka ke cike da rairayi, an daɗe ana dogara da tsofaffin motoci irin Peugeot 504 wajen ɗaukar gero da riɗi zuwa kasuwa. An fara ƙera wannan mota a Faransa a 1968, kuma daga baya aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Idan injin irin wannan mota ya gaji, bakanike kan nemo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya ɗaura shi a kan tsohon akwatin giya.

Wannan dabara tana da tarihi a wasu ƙasashe ma. Bayan kamfanin Ford ya fitar da injinsa mai silinda takwas a 1932, samarin Kalifoniya a Amurka sun riƙa sanya shi cikin tsofaffin motoci marasa nauyi domin tsere, kuma da yawansu sun fi son akwatin giyar Ford na 1939 mai giya uku.

Yadda giya ke aiki

Akwatin giya ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Aikinsa shi ne musanya gudu da ƙarfin murɗawa. Idan giya mai haƙora 15 tana juya wata mai haƙora 45, sai ƙaramar ta zagaya sau uku kafin babbar ta zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuwa ya ninka kusan sau uku.

A ɗauka inji yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya. A giya ta ɗaya, farfela za ta juya sau 1,000. Idan giyar ƙafar baya ta sake rage juyin sau huɗu, taya za ta juya sau 250. Taya mai kewayen mita 2 za ta ci mita 500 a minti, wato kilomita 30 a sa'a. A giya ta huɗu kuwa, inda inji da farfela ke juyawa daidai wa daida, gudun zai kai kilomita 90. Wannan ne dalilin da ya sa direba ke komawa giya ta ɗaya idan akori-kura ta kafe a rairayi.

Abin lura kafin haɗi

Da farko, tilas ramukan ƙusoshin inji su dace da bakin akwatin. Na biyu, haƙoran sandar akwatin su shiga tsakiyar faifan kuloci ba tare da girgiza ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci, kowane akwati yana da iyakar ƙarfin da aka ƙera shi ya ɗauka. Injin da ya fi ƙarfin akwatin yakan karya haƙora, musamman a giya ta ɗaya da kaya a baya, ya bar manomi da amfaninsa a tsakiyar daji.

Aikin aji

Idan giyar ƙafar baya tana rage juyi sau biyar maimakon huɗu, nawa gudun motar zai kasance a giya ta huɗu? Wace ce ta fi dacewa da hanyar rairayi, kuma me ya sa?