Darasin Kafinta: Durowar da Ba Ta Cijewa

A ikkilisiyoyi da yawa akwai teburin da durowarsa ta cije, rajistar baftisma da littafin baiko suna ciki. In aka ja da ƙarfi sai gabanta ya ɓalle. Gyaran ba ya bukatar ƙarfen kanti, guntayen katako sun isa.

1. Ku nemi busasshen katako mai ƙarfi, kamar maɗaci. Ɗanye yakan lanƙwashe.
2. Ku yanka sanda biyu daidai tsawon durowar, faɗi santimita 2, kauri santimita 2.
3. Ku kafa su a cikin teburin, dama da hagu, tsayinsu ɗaya, domin durowar ta zauna a kansu. Ku sa gam, ku nutsar da kan ƙusa don kada ya kankare durowar.
4. Ku goge da samfefa, ku shafa kyandir. Mai yakan tara ƙura.

Babban abin lura shi ne, katako yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Wanda ya yi aikin da hunturu ya bar sararin milimita 2 a kowane gefe, in ba haka ba durowar za ta cije a watan Agusta.

Don tattaunawa: Wane matashi ne a ikkilisiyarku zai koyi wannan aiki?